Sauraro miliyan ɗaya a kan naira dubu hamsin: abin da ke gaskiya da abin da ke ƙarya a saƙon nan

Saƙon yana da tsawo, kuma wanda ya tsara shi ya san abin da yake yi. Ya fara da jerin kundayen waƙoƙin da suka fi ciniki a duniya, da sunan mawaƙi da shekara da yawan miliyoyin da aka sayar, ya cusa sunayen 'yan Najeriya a tsakiya don mai karatu ya ji daɗi, sai can ƙasa ya ajiye lambar waya da lambar asusun banki. Ya zaga zaurukan WhatsApp na Kakuri da Makera, ya kai Barnawa da Sabon Tasha, har ƙanwar mahaifiyata, wadda ba ta taɓa jin sunan Adele ba, ta turo min shi da muryarta a biye: "Ɗana, duba min abin nan, ƙaninka ya dame ni in ba shi kuɗin adashina."

Jerin na sama ba shi ne abin damuwa ba, rabinsa ma gaskiya ne. Kundin Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a Nuwamban 1982, shi ne kan gaba a duniya. Amma "sama da miliyan 100" da aka rubuta maganar 'yan talla ce. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi miliyan 70 ne, kuma abin da ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta tabbatar a cikin ƙasarta miliyan 34 ne a 2021. Kundin Adele mai suna 21, na shekarar 2011, ya haura miliyan 30, kuma babu wanda ya kamo shi a wannan ƙarni. Wannan daidai ne. Miliyan 13 da ake ba Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976, an daɗe ana faɗinsa, waƙar kuma ta game Afirka, sai dai a wancan zamani babu hukumar da ke ƙirga faifai a Najeriya, saboda haka adadi ne na baka. Wanda aka jingina wa marigayi Mamman Shata kuwa, mai saƙon ya san daga kansa ya fito da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne layin ƙarshe. Yana cewa yanzu sauraro ake ƙirgawa ba faifai ba, don haka mawaƙi ya biya naira dubu hamsin a kawo masa sauraro miliyan ɗaya a Spotify, kamfanin ya biya shi dala dubu huɗu, kundinsa ya shiga jerin duniya. Farkon maganar akwai ƙamshin gaskiya, ko da yake faifai bai mutu ba: ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, ta ce a 2023 kundin FML na mawaƙan Koriya ta Kudu, SEVENTEEN, ya sayar da miliyan 6.4. Duk abin da ya biyo bayan farkon maganar tarko ne.

A fara da lissafi. Tun 2016 RIAA take ɗaukar sauraro 1,500 a matsayin kundi ɗaya da aka sayar. In muka ari wannan ma'auni, sauraro miliyan ɗaya kundi 667 ne kacal, alhali lambar yabo ta zinariya ta kundi a wajensu sai an kai 500,000. Wanda yake son ya tarar da Adele ta wannan hanya yana buƙatar sauraro sama da biliyan 45. Waƙar Rema da Selena Gomez, Calm Down, da ta karaɗe duniya, biliyan ɗaya ta cika a Spotify a 2023, kuma har aka yi ta shagali a kai. To ina miliyan ɗaya, ina jerin duniya?

Dala dubu huɗun ma ba ta da tushe a nan gida. Spotify ba shi da tsayayyen farashi a kan kowane sauraro. Yana tara kuɗin masu biyan wata-wata da na tallace-tallace a kowace ƙasa, ya ware kusan kashi biyu bisa uku na masu haƙƙin waƙa, ya raba gwargwadon kason da kowa ya samu a sauraron wannan ƙasa. Lokacin da ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, kuɗin wata naira 900 ne, a Amurka kuma dala 9.99. Tukunya ba ɗaya ba, rabo ba zai zo ɗaya ba. Kuma abin da ya fito ɗin ba kai tsaye yake zuwa aljihun mawaƙi ba, sai ya bi ta hannun kamfanin da ya ɗora masa waƙar.

Wannan duk idan mutane ne suka saurara. Abin da dillalin yake sayarwa ba mutane ba ne, asusun bogi ne da manhajar kwamfuta ke juyawa, ko wayoyi da aka jera a ɗaki suna maimaita waƙa ɗaya dare da rana. Na ga yadda abin yake a wayar wani yaro a unguwar Television. Waƙar Hausa ce ta soyayya, da ya ɗauka a wani ƙaramin sutudiyo mai kwalin ƙwai manne a bango. Shafinsa ya nuna dubban masu sauraro sun taso a dare ɗaya daga wani birnin Turai da shi kansa bai iya faɗin sunansa ba, babu ko ɗaya da ya ajiye waƙar ko ya bi shafin, bayan 'yan kwanaki kuma layin ya faɗo ƙasa warwas. Abin da idona ya gane cikin minti ɗaya, kwamfutocin Spotify sun riga ni ganewa. Ƙa'idarsu a fili take: ana goge sauraron bogi daga lissafi, a riƙe kuɗinsa, kuma tun 2024 ana cin tarar kamfanin da ya ɗora waƙar. Shi kuma kamfanin ba zai ɗauki asara don wani ba, yana iya sauke waƙar, ya cire tarar daga kuɗin mawaƙi, ko ya rufe asusunsa gaba ɗaya. Wato yaro ya biya kuɗi an kashe masa waƙa. A Amurka abin ya wuce tara: a Satumban 2024 aka gurfanar da wani Michael Smith na jihar North Carolina bisa zargin samun sama da dala miliyan 10 ta irin wannan hanya. Wannan kuwa idan dillalin ya yi aikin ke nan. Da yawa kuɗi na shiga asusu lambar wayar take mutuwa.

Masu tura saƙon ba tare da sun karanta ƙarshensa ba, su ne suka fi ba ni haushi, musamman manyan da suke ɗora masa "Allah Ya sa a dace" kafin su watsa. Yaron da ya ga sunan kawunsa a kan saƙo ba zai sake bincike ba. Amma su yaran ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya tashi a Kakuri ya ga gine-ginen masaƙu a kulle, KTL da ta fara aiki a 1957 ta tsaya tun 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, iyaye da kakanni sun ƙare da jiran haƙƙinsu. Sai ga shi yana jin Spotify da bakinsa yana cewa mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 a 2024. Kuɗin akwai su da gaske, shi ya sa ƙaryar take shiga.

Abin da saƙon bai faɗa ba shi ne, waƙar Hausa ba ta wannan ƙofa ta saba samun kuɗi ba. Leƙa rumfar mai tura waƙa a kasuwar Kakuri: tsohuwar kwamfuta, igiyoyin caji a cukurkuɗe, ɗan acaɓa ya miƙa memori a cika masa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker da Nura M. Inuwa a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Waɗannan waƙoƙi za su kwana suna tashi a Keke Napep da shagon aski da gidan biki, kuma ko ɗaya ba zai shiga lissafin IFPI ba, kamar yadda kaset ɗin Shata da na Ɗan Maraya Jos ba su shiga ba. Mawaƙin da ya yi suna ta haka, abincinsa yana zuwa ne daga gayyatar biki, da waƙar fim, da waƙar siyasa, da talla, sai kuma YouTube. Spotify ɗin ma, tun Afrilun 2024, ba ya biyan ko kwabo a kan waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, kuma na mutane na gaske yake ƙirgawa.