Zakara Ne Ko Kaza? Yadda Ake Gane Ɗan Tsako

Bara, bayan ƙaramar Salla, wata yayata da ke zaune a unguwar Yelwa a nan Garwa ta kwashi adashinta, ta sayi 'yan tsaki 20 a wurin wani mai yawo da su cikin kwali. Mutumin ya yi ta rantsuwa cewa 'ya'yan jajayen kajin Turawa ne masu ƙwai, kuma duk mata ne. Ta yi wata huɗu tana ɗura musu dusa da tsaba, tana lissafin kuɗin makarantar yara da za ta riƙa fitarwa daga ƙwai. Ran nan da asuba sai gida ya ɗauka da cara. Da muka ƙirga, babu kaza ko ɗaya a ciki. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai da ka yi boko, ashe ba ka iya gane ɗan tsako ba?" Kunyar wannan tambaya ce ta sa na shiga bincike.

Da farko bari mu kawar da camfe-camfe. Wasu sukan ce dogon ƙwai mai tsini zakara ne, kewayayye kuwa kaza. Wasu sukan riƙe ɗan tsako ta ƙafafu su juya kansa ƙasa, wai idan ya ɗago kai namiji ne. Wasu kuma allura suke ɗaura wa zare su rataya bisa kansa, su ga yadda za ta yi lilo. Wannan gardama ta siffar ƙwai ta tsufa, domin Aristotal na ƙasar Girka ya yi magana a kanta fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Gaskiyar magana ita ce, siffar ƙwai ta kazar da ta saka shi ce, wata takan yi dogaye, wata kewayayyu. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, tun da kusan rabin abin da aka ƙyanƙyashe maza ne, rabi mata, to, ko mai kintace zai dace sau ɗaya cikin biyu. Idan ya dace sai a yi ta labari, idan ya kuskure sai a manta.

Wani abin mamaki kuma, a wajen kaji uwa ce ke ɗauke da ƙwayar halittar da ke sa ɗan tsako ya zama namiji ko mace, saɓanin ɗan Adam. Saboda haka sake zakara ba zai sa a sami mata da yawa ba.

To, yaya manyan gidajen ƙyanƙyasa suke rabewa tun ranar farko? Hanyoyinsu uku ne. Ta ɗaya ita ce duba duburar ɗan tsako. Wasu masana biyu na ƙasar Japan, Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto, su suka shahara da wannan dabara, har suka fitar da littafi a kanta a 1933. Aiki ne da ake shiga makaranta a koya, kuma wanda bai ƙware ba yana iya fasa hanjin ɗan tsako da matsa ɗaya. Ina roƙon jama'a kada a gwada a gida. Ta biyu ita ce duba gashin fiffike, inda na mace yakan riga na namiji tsawo. Ta uku kuwa launi ce. Alal misali, a cikin jajayen kajin nan da ake kira ISA Brown, waɗanda asalinsu daga Faransa ne, mace takan fito ja-ja, namiji kuwa fari-fari. A wasu baƙaƙen kajin ƙwai kuma, namiji yakan fito da ɗigon fari a ka.

Amma a lura, hanya ta biyu da ta uku ba sa aiki sai ga irin da aka haɗa uwa da uba musamman domin haka. Kajinmu na gida, da zakaran maƙwabta ke tsallako katanga ya bi su, ba su shiga wannan lissafi ba.

A nan ne asirin kwalin yayata ya tonu. Gidajen ƙyanƙyasar kajin ƙwai ba su da buƙatar maza, tun da ba sa ƙwai, ba sa kuma saurin ƙiba. A Turai kashe su aka saba yi tun ranar farko, har ƙasar Jamus ta hana haka daga farkon 2022. A ƙasashenmu kuwa da araha ake sayar da su, kuma ba laifi ba ne idan an gaya wa mai saye gaskiya. 'Yan tsakin yayata farare ne tas. Da ta san cewa matan jajayen kaji ba sa fitowa farare, da kuɗinta bai tafi ba. Duk wanda aka yi wa tayin 'yan tsaki mata da arahar da ta wuce hankali, to, ya yi hattara.

Kajin gida kuwa, maganinsu haƙuri. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma Larabar ɗan tsako sai ya yi mako biyar zuwa takwas. A lokacin za a ga zankon namiji da leɓensa sun fara girma suna yin ja, na mace kuwa ƙanana ne, ba su da jini sosai. Ƙafafun namiji sun fi kauri, yakan miƙe wuya, yana yawan kai wa 'yan'uwansa sara. Idan suka kai wata uku zuwa huɗu, gashin wuyan namiji da na gadon bayansa sai su fito da tsini suna ƙyalli, jelarsa ta soma lanƙwasa, alhali gashin sagara kewayayye ne a baki. Daga nan sai cara. Kada a yanke hukunci da alama ɗaya, kuma a gwada ɗan tsako da 'yan'uwansa da suka fito rana ɗaya, ba da na wata kaza ba.

Amfanin wannan sani a fili yake. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, ana buƙatarsa ne kawai idan ana son ƙwan kwanci, wanda ke ƙyanƙyashewa cikin kwana 21. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji kamar goma. Sauran a ware su da wuri, a kiwata su, a kai kasuwar Pitowa ran Lahadi ko a ajiye wa Salla da baƙi, maimakon su yi ta cinye tsaba suna faɗa suna wahalar da kaji. Yana da kyau kuma a riƙa musanya zakara da na wani gida, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa iri ya lalace.

Sai dai duk wannan lissafi na ɗan tsakon da ya rayu ne. Shirwa da muzuru suna nan, ga kuma annobar nan ta Niyukasul da ke share akurki da hunturu. Mu mutanen Garwa ba mu da uzuri, domin a Bokle, nan kusa da mu, cibiyar LANAVET take, wadda aka kafa a 1983, kuma tana yin maganin rigakafin wannan cuta. A nemi malamin dabbobi tun kafin sanyi ya shigo, a kuma kife 'yan tsaki da kwando a makonnin farko.

Yayata dai ta sayar da zakarunta, ta mayar da wani abu daga cikin kuɗinta, ta sayi sagaru uku da idonta ya gani ya tabbatar. Yanzu haka ɗaya tana kwanci. Allah Ya sa albarka a cikin kiwonmu, Ya kuma kare mu daga masu cin amana, amin.