LAFIYAR MACE A MATAKAN RAYUWA: TSAKANIN AL'ADAR BAHAUSHE DA ILIMIN LIKITANCI

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Sai dai idan magana ta zo kan lafiyar da ta shafi haila da ciki da haihuwa, kunya kan rufe bakin kowa. Shi ya sa harshen Hausa ya cika da kalmomin sakaya a wannan fage. Mai haila akan ce tana al'ada ko tana fashin salla, mai ciki tana da juna biyu, wadda ta haihu kuwa ta sauka. Sakayawar tarbiyya ce mai kyau, amma idan ta kai ga yarinya ta ɓoye ciwo har ya ci jikinta, to, ta zama illa.

Wannan babi zai bi rayuwar mace daga balaga zuwa manyanta. A kowane mataki za a duba abin da ke faruwa a jiki, da yadda Bahaushe ya fahimce shi, da kuma inda fahimtar tasa ta dace da binciken likitoci ko ta saɓa masa. Ɗalibin da ke shirin zama malami yana bukatar wannan sani, domin a gabansa yawancin 'yan mata za su balaga.

2.0 Balaga da Haila

Ana haihuwar 'ya mace da dukkan ƙwayayen haihuwarta, kimanin miliyan ɗaya zuwa biyu, a cikin wasu gaɓoɓi biyu da ke gefen mahaifa, dama da hagu. Daga cikinsu 400 zuwa 500 ne kawai za su nuna a tsawon rayuwarta. Tsakanin shekara 8 zuwa 13 jiki kan fara sarrafa wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda ke sa ƙirjin yarinya ya fara tasowa, gashi ya tsiro a hammata da mara, ƙugu ya buɗe. Hailar farko takan biyo baya, galibi tsakanin shekara 10 zuwa 15.

A kowane wata mahaifa takan yi wa kanta shimfiɗa mai kauri ta jini da tsoka, domin tarbar ciki. Kimanin kwana 14 kafin haila ta gaba, ƙwai ɗaya kan fito ya bi hanyar da ke kaiwa mahaifa. Idan bai haɗu da maniyyi ba, shimfiɗar sai ta saɓule ta fito, ita ce haila. Ashe ke nan jinin haila ba dattin ciki ba ne, kuma ba alamar cuta ba ne. Daga farkon wata haila zuwa farkon ta gaba akan sami kwana 21 zuwa 35, jinin kuma yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. A shekarun farko lissafin kan rikice, wata ya zo wata ya tsallake, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne.

Abin da ke bukatar ganin ma'aikacin lafiya shi ne jinin da ya wuce mako, ko mai yawan da ke jiƙa ƙunzugu duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko ciwon marar da ke kwantar da yarinya duk wata, ko kuma yarinya ta cika shekara 15 ba ta fara ba. Yawan zubar jini na jawo ƙarancin jini, wanda malami zai iya gani a kasala da jiri da rashin mayar da hankali a aji. Ta fuskar tsabta, ko audugar mata ake amfani da ita ko ƙyalle, a canza sau uku zuwa huɗu a yini. Ƙyallen kuma a wanke da sabulu a shanya a rana, domin wanda aka ɓoye a ƙarƙashin katifa da danshinsa matattarar ƙwayoyin cuta ne.

A wannan mataki ne kuma ake yin rigakafin sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar da ake kira HPV ce ke haddasa kusan dukkan wannan sankara, kuma a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta shigar da allurar rigakafinta cikin jerin alluran da ake yi kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

3.0 Ciwon Sanyi da Rashin Haihuwa

Kalmar “sanyi” a bakin matan Hausawa jaka ce da ake zuba cututtuka da yawa a cikinta: ƙaiƙayi, da fitar farin ruwa, da zafin fitsari, da ciwon mara. A wajen likita kuwa waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Fitar ruwa mara wari mara ƙaiƙayi halitta ce, ita ce hanyar da gaba ke tsabtace kanta. Wasu cututtukan kan taso ne daga rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a gaba tun asali, kuma yawan tsarki da sabulu mai ƙarfi, da cusa magungunan matsi, na daga cikin abin da ke kawo hakan. Wasu kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukar su, kuma idan ba a yi wa miji da mata, har da abokan zama, magani tare ba, cutar za ta yi ta zagayawa a gidan.

Haɗarin irin wannan cuta shi ne takan hau sama ta toshe hanyoyin da ƙwai ke bi, ta hana haihuwa. A nan ya kamata a gyara wata tsohuwar fahimta. Idan ma'aurata suka shekara suna tare babu ciki, al'ada takan ɗora laifin a kan matar, har a kira ta juya. Binciken likitoci ya nuna matsalar kan kasance daga namiji, ko daga mace, ko daga su biyun, saboda haka su biyun ake aunawa.

4.0 Goyon Ciki da Haihuwa

Ciki kan ɗauki kimanin mako 40, ana lissafawa daga ranar farko ta hailar ƙarshe. Addu'ar da ake yi wa mai ciki, “Allah ya raba lafiya,” ta nuna Bahaushe ya san akwai haɗari a tafiyar. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu 'yan Nijeriya ne. Manyan dalilai su ne zubar jini, da hawan jinin da ke kai ga jijjiga, da shigar ƙwayoyin cuta bayan haihuwa ko ɓari, da doguwar naƙuda.

Yawancin waɗannan ana iya hango su a wajen awo. Tun 2016 Hukumar ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko cikin wata ukun farko. A nan ake auna hawan jini da fitsari da yawan jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarewar jiki wato tetanus, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Al'adar ɓoye cikin fari saboda kunya, har sai ya fito fili, tana hana yarinya wannan kulawa a daidai lokacin da ta fi bukatarta.

Alamomin da ba a jira da su sun haɗa da zubar jini komai ƙanƙantarsa, da matsanancin ciwon kai tare da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da zazzaɓi mai zafi, da daina motsin ɗa, da fashewar faya ba tare da naƙuda ba. Jijjigar mai ciki ba aikin iska ba ce, hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti.

Masana sun lura cewa jinkiri iri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko a cikin gida yake faruwa, sa'ad da ake jiran izinin maigidan da ya yi tafiya, ko ake yaba wa yarinya dauriya don ta yi shiru. Magidanci mai hangen nesa yakan bar izini da kuɗin mota tun ciki na wata bakwai.

4.1 Yoyon Fitsari

Idan naƙuda ta yi tsawo, kan ɗa ya kasa wucewa, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wajen, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Daga nan fitsari ya riƙa zuba dare da rana, kuma sau da yawa ɗan ma ba ya zuwa da rai. Yarinyar da ta ɗauki ciki kafin ƙugunta ya gama buɗewa, ko wadda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar tun tana ƙarama, ta fi shiga wannan haɗari, ko da yake yana samun manyan mata ma. Wata hanyar kuma ita ce yankan gishiri, inda ungozoma ko wanzami ke tsaga gaban mace da aska da nufin buɗe hanya, askar ta huda mafitsara.

Ciwon yana warkewa ta hanyar tiyata. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki a shekarun 1980, yanzu cibiya ce ta ƙasa. Akwai kuma cibiyar Laure a asibitin Murtala Muhammad na Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wadda aka yi wa gyara ana shawartarta ta haihu a asibiti nan gaba, galibi ta hanyar tiyata.

5.0 Jego

Al'adar jego tana da alheri mai yawa. Mai jego takan huta kwana arba'in, a ɗauke mata aikin gida, a ciyar da ita nama da kunu, tsofaffi su koya mata reno. Amma akwai ɓangaren da likitoci suka yi gargaɗi a kansa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan masu jegon da ke zuwa da ciwon zuciya, suka kuma danganta hakan da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa. Kanwa gishiri ce mai sa jiki ya tara ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Saboda haka mai jegon da ke haki, ko tari idan ta kwanta, ko kumburin ƙafa, asibiti take bukata ba ƙarin ruwan zafi ba. Ruwa mai ɗumi ya wadatar.

Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin 'yan awoyi, kuma ƙiyasta yawansa da ido yaudara ce. A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. An nuna cewa auna jinin da wata leda mai ma'auni, da haɗa magungunan a ba da su lokaci guda, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Dangane da shayarwa, nonon farko mai kauri, wato dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko ga jariri. Ana son nono zalla har wata shida. Tazarar shekara biyu kafin wani ciki, wadda al'ada ma ta ƙarfafa ta hanyar ƙyamar kwanika, tana ba jikin uwa damar murmurewa.

6.0 Ɗaukewar Haila da Manyanta

Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ƙwayayen haihuwa kan ƙare, homon ya ragu, haila ta riƙa tsallake har ta ɗauke. Ana tabbatar da hakan idan an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Mace kan ji zafi ya taso mata kwatsam, da gumin dare, da rashin barci, da bushewar gaba, da saurin fushi. Waɗannan ba sammu ba ne, sauyin jiki ne, kuma akwai magungunan da ke sauƙaƙa su. Ƙashi ma yakan yi rauni, shi ya sa motsa jiki da cin abinci irin su nono da ƙananan kifi ke da amfani.

Ƙa'ida ɗaya ta wajaba a riƙe: duk jinin da ya dawo bayan haila ta ɗauke, ko wanda ke biyo bayan saduwa, sai an bincika shi. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba a tsakanin matan Nijeriya, kuma dukansu suna jin magani idan an gano su da wuri. Ana son mace ta fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, ta kuma kai duk wani ƙullutu da ta ji a mama asibiti ko da ba ya ciwo.

7.0 Kammalawa

Matakan nan sarƙe suke da juna. Abincin da yarinya ta ci tana ƙarama shi ke gina ƙugun da za ta haihu da shi, allurar da aka yi mata tana shekara goma kuma ita za ta kare ta tana shekara hamsin. Aikin malami ba shi ne ya zama likita ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya san alamomin haɗari, ya yi bayani da tsabtataccen harshe, ya rufa asirin ɗalibar da ta ɓata tufafinta a aji, ya haɗa ta da malama ko mahaifiyarta, ya kuma koya wa yara maza cewa izini da kuɗin asibiti wata rana a hannunsu za su kasance.

Tambayoyin Bita

1. Kawo kalmomin sakaya guda biyar da Hausawa ke amfani da su a kan haila da ciki da haihuwa, ka bayyana amfaninsu da illarsu.
2. Yi bayanin yadda doguwar naƙuda ke haddasa yoyon fitsari.
3. Waɗanne al'adun jego ne ya kamata a riƙe, waɗanne ne kuma ke bukatar gyara? Kafa hujja.
4. Tattauna jinkiri ukun nan dangane da halin da ake ciki a garinku.