Megawat 7 na Malbaza da lissafin mai neman digiri na biyu

A watan Nuwamba na 2018 aka buɗe tashar wutar hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, da bashin da Indiya ta bai wa Nijar. Ita ce irinta ta farko da aka haɗa da layin Nijelek, kamfanin wutar lantarki na ƙasa. Megawat 7 na da daɗin ji a rediyo, amma sai an raba shi kafin a san girmansa. A ƙasa mai rana irin tamu, allon hasken rana yana ba da cikakken ƙarfinsa na kimanin awa 1,600 zuwa 1,700 a shekara. In aka ninka da megawat 7, abin da tashar ke iya bayarwa bai wuce kilowat-awa miliyan 11 zuwa 12 ba.

Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 310,000 a gundumar Birnin Ƙonni, sama da 330,000 a Illela, sama da 230,000 a Malbaza, jimilla kusan 880,000 a gundumomi ukun na yankin tashar. Da a ce wutar tashar tasu ce su kaɗai, alhali layin gama-gari take shiga, da rabon kowa bai kai kilowat-awa 14 a shekara ba. Ƙwan fitila mai wat 10 da ake kunnawa awa huɗu kowane dare yana cin 14.6. Ke nan rabon mutum bai kai ƙwai ɗaya ba, kuma da alƙaluman 2012 muka yi lissafin. Ƙidayar ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, don haka rabon yau ya fi haka ƙanƙanta.

Na fara da wannan ne saboda ɗalibin da ya gama lisans a fannin lantarki ko kwamfuta, yana tunanin inda zai yi masta, ya kamata ya fara sanin girman giɓin da ke gida. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi muni nesa ba kusa ba. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijelek ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Ta yankinmu tana shigowa daga Katsina ta Gazawa a layin kilobolt 132, ta biyo Maraɗi zuwa Malbaza. Da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga abin da kashi 70 ke nufi a kanti da asibiti da injin niƙa, har zuwa Maris 2024 da aka maido ta. Tashar hasken rana ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki a 2023, madatsar Kandaji kuma an tsara mata megawat 130. Kowace ɗaya daga cikinsu tana buƙatar wanda ya san lissafin layi da taransifoma da na'urorin kariya, ba mai ɗaura waya kaɗai ba.

Sai lissafin shekaru. A tsarin da jami'o'in Nijar ke bi, bayan bak ana yin lisans shekara 3, masta shekara 2, dakta aƙalla shekara 3. Ana auna karatun da maki 30 a kowane zango na rabin shekara: 180 na lisans, 120 na masta, 300 gaba ɗaya. Wanda ya ci bak yana ɗan shekara 20 zai iya riƙe masta yana da 25, in ba a yi yajin aiki ko shekarar karatu ta ja ba, abin da iyaye suka sani yana faruwa. A Najeriya digirin farko na injiniya shekara 5 ne, masta kuma yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wato kusan 7. Wannan bambancin na shekara 2 shi ne tarkon da ke kama ɗalibanmu. Lisans na shekara 3 ba ya zama daidai da digirin shekara 5 kai tsaye, jami'a na iya neman a fara yin difloma ta share fage, kuma wannan ƙarin shekara ce da ƙarin kuɗin haya da abinci. A tambayi sashen a rubuce kafin uba ya sayar da sa.

Nisa ma yana da nasa lissafin, kuma yana yaudara. Daga Ƙonni zuwa Tawa kimanin kilomita 130 ne, zuwa Maraɗi kimanin 240, zuwa Yamai kimanin 420. Sakkwato ba ta kai 100 ba, ta Illelar Najeriya. A taswira Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 kuma take da cibiyar binciken makamashi, ita ce a bakin ƙofa. Amma karatun da Turancin Ingilishi ne, takardar shaidar sai an daidaita ta in an dawo, kuma iyakar da aka rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ta nuna cewa hanya mafi kusa na iya toshewa a dare ɗaya. Haka lamarin yake ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ke nan tun 1962 da sassan injiniyancin lantarki da na kwamfuta masu tsohon suna, da Jami'ar Bayero ta Kano. A duk waɗannan garuruwa ɗan Ƙonni ba baƙo ba ne a kasuwa ko masallaci. A aji ne yake zama baƙo, kuma wata shida na koyon Ingilishi da gaske kafin tafiya ya fi kowane guzuri amfani. Dokar ƙasa ta Maris 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, don haka wahalar ba za ta tafi a banza ba.

A cikin gida, jami'ar jiharmu, Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, tana cikin ukun da aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, amma ƙarfinta ya fi a shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Mai son lantarki Maraɗi yake nufa, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko makarantar EMIG ta Yamai da ke horar da injiniyoyi. Cikin huɗun da aka ƙara a 2014, ta Dosso an ba ta fasahar sadarwa da kwamfuta, ta Agadas kuma ma'adinai da makamashi. Jami'ar Abdou Moumouni tana ɗauke da shirin WASCAL kan sauyin yanayi da makamashi, wanda Jamus ke tallafawa. Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni Dioffo, masanin hasken rana ne da ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1991, tun ba a fara sayar da allon sola a kasuwar Ƙonni ba.

A waje akwai 2iE a Wagadugu, mai sashen lantarki da makamashi, da ESMT a Dakar, wadda ƙasashe bakwai ciki har da Nijar suka kafa a 1981 don sadarwa. Duka biyun da Faransanci ake karatu. Cibiyar ruwa da makamashi ta Jami'ar Tarayyar Afirka da ke Tilimsan a Aljeriya tana ɗaukar ɗalibai da tallafin karatu. Reshen Jami'ar Carnegie Mellon da ke Kigali tun 2011 yana ba da masta da ya haɗa lantarki da kwamfuta a digiri ɗaya cikin ƙasa da shekara biyu, da Ingilishi, kuma gasar shiga tana da zafi.

Wannan haɗin shi ne abin da nake so ɗalibanmu su lura da shi. Matasa da yawa suna karkata ga kwamfuta zalla, suna ganin lantarki aikin hawa turke ne. Amma tashar Malbaza na'urori masu ƙwaƙwalwa ne ke juya wutarta suna daidaita ta da layi. Mita mai kati kwamfuta ce ƙarama. Masana'antar siminti ta Malbaza tana tafiya da manyan injuna na lantarki da na'urorin sarrafa su, kuma mai noman albasa a Galmi da ya bar injin fetur ya koma famfon sola yana buƙatar wanda zai auna masa allo nawa, zurfin rijiya nawa, ruwa nawa a yini. A ganina, masta a kan rarraba wuta da sarrafa ta da kwamfuta ya fi kusa da aiki a waɗannan gundumomi uku fiye da wanda ba a iya amfani da shi sai a Yamai ko Turai.

Kusan huɗu cikin 100 na matasan Nijar da suka isa shiga jami'a ne ke cikinta, masu kaiwa masta a injiniyanci kuwa ɗan yanki ne na wannan huɗun, kuma 'yan mata sun fi ƙaranci. Kafin ɗalibi ya kai takardunsa hukumar ANAB neman tallafi, ya tambayi sashen da yake so abu uku: ko hukumar CAMES ta amince da digirin, mutum nawa suka shiga shekara biyu da suka wuce kuma nawa suka kare kundinsu a kan lokaci, sannan a wace tasha ko masana'anta ake tura ɗalibai koyon aiki.