Sababbin Motoci Masu Tsohuwar Fuska

Jama'a, akwai wani yayi da masu ƙera motoci suka shiga tun wajen 1990, watau su ƙera sabuwar mota fil, amma su ba ta kamannin wadda aka yi yayinta shekara arba'in ko hamsin da suka wuce. In ka hango ta daga nesa sai ka ce ta zamanin kakanka ce aka wanke aka shafa wa fenti. Nufina a nan in bayyana muku abin da ya sa a ke yin haka, da kuma inda sabuwar ta rabu da tsohuwar, don kada ido ya ruɗe mu.

Bari mu soma da wadda muka fi sani, watau Volkswagen Beetle ta Jamus, wadda Yarbawa su ke kira Ijapa, watau kunkuru, saboda ƙusumbin bayanta. Wani injiniya, Ferdinand Porsche, shi ya tsara ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu don talaka ya sami abin hawa mai araha. Injinta a baya ya ke, iska ce ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto. Tun daga 1975 har a Ikko an yi ta harhaɗa ta. Kafin a daina ƙera ta a Meziko cikin 2003, an yi fiye da miliyan 21.

To, cikin 1994 kamfanin ya kai wani samfuri mai suna Concept One wurin nunin motoci na birnin Detroit a Amurka. Mutum biyu suka zana shi, J Mays da Freeman Thomas. Jama'a suka yi ta sha'awarsa, har ya zama cikin 1998 aka fitar da New Beetle kasuwa. Ga rufi kamar rabin ƙwarya, ga fitilu kewayayyu, har da ɗan kurtun sa fure kusa da sitiyari. Amma in ka buɗe bayanta neman inji, sai ka tarar da wurin kaya. Injin ya koma gaba, ruwa ke sanyaya shi, ƙafafun gaba ke jan motar. Gaskiyar magana, ƙashin wata motarsu ce mai suna Golf aka sa wa rigar kunkuru.

Haka labarin Mini ta Ingila ya ke. Cikin 1956 aka yi rikicin mashigin Suwez a Masar, man fetur ya yi wuya a Ingila har sai da aka riƙa auna wa kowa. Sai aka sa Alec Issigonis ya tsara 'yar mota wadda ba ta shan mai. Ya gicciye injin a gaba, ya tura ƙafafun can kusurwoyi huɗu, har mutum huɗu suka sami wurin zama cikin motar da tsawonta ƙafa 10 ne kacal. Ta fito cikin 1959, ba a daina ta ba sai 2000. Cikin 2001 kamfanin BMW na Jamus, wanda sunan ya koma hannunsa, ya fitar da sabuwar Mini. Fuska dai ga ta nan, amma tsawonta ya kusa ƙafa 12, nauyinta kuwa ya haura kilo 1,000, alhali ta farkon wajen kilo 600 ce.

Italiya ma ba a bar ta a baya ba. Fiat 500 ta 1957, wadda Dante Giacosa ya tsara, 'yar mitsitsiya ce mai inji a baya. Ranar 4 ga Yuli, 2007, shekara hamsin cif bayan fitowar ta farin, aka nuna sabuwa mai kama da ita, amma injin na gaba, kuma a ƙasar Polan aka ƙera ta. Mutanen Japan kuwa sun riga su duka. Cikin 1991 kamfanin Nissan ya yi wata mai suna Figaro, wadda ba ta kwaikwayi wata mota guda ba, ta dai ari kamannin motocin da. Guda 20,000 kaɗai aka yi, masu so suka yi yawa har sai da aka yi ƙuri'a.

Watakila wani ya ce, mene ne dalilin wannan komawa baya? Ni a ganina dalilan uku ne.

Na fari, motocin zamani sun yi kama da juna ƙwarai. Kowane kamfani ya kan sa samfurinsa cikin wani dogon ɗaki inda a ke hura masa iska da ƙarfi, a ga yadda zai ratsa ta ba tare da shan mai da yawa ba. Da ya ke iska ɗaya ce, amsar da ta ke ba kowa kusan ɗaya ce. Saboda haka mai son tasa ta fita daban a kasuwa, sai ya waiwayi abin da kakanninsa suka bari, wanda wani ba shi da ikon taɓawa.

Na biyu, samarin da suka hau tsofaffin motocin nan sa'ad da aljihunsu ba nauyi, su ne suka zama magidanta masu abin hannu. In suka ga fuskar nan, ƙuruciyarsu su ke tunawa, su kuwa biya kuɗin da ba za su biya don wata baƙuwa ba.

Na uku, sabon abu ya kan ba mutane tsoro, sanannen abu kuwa ya kan kwantar da rai. Shi ya sa da motoci masu aiki da lantarki suka zo, aka sake ɗauko dabarar nan. Cikin 2024 kamfanin Renault na Faransa ya fitar da mota mai batir, ya ba ta suna da kamannin Renault 5 ta 1972.

To, me ya hana su sake ƙera tsohuwar yadda ta ke? Doka ta hana, hankali ma ya hana. Motar yanzu dole gabanta da bayanta su zama masu lanƙwashewa in an yi karo, don ƙarfe ya shanye bugun kafin ya kai ga mutum. Dole a ƙarfafa ginshiƙan rufi da ƙofofi, a sa ɗamarar kujera da jakar iska, a kuma rage hayaƙin da inji ke fitarwa. Duk waɗannan suna bukatar wuri, suna kuma ƙara nauyi. Ga dalilin da ya sa jikanyar ta fi kakar jiki.

A nan ne na ke so ku lura da kyau. Siffar tsohuwar mota larura ce ta haife ta. Bayan Beetle ya gangaro ne bisa ɗan injin da ke kwance can ƙasa, Mini kuwa ta taƙaita ne don tsadar mai. Sabuwar ta ɗauki siffar, amma ta bar dalilin. Wani lokaci ma siffar ta kan zama cikas: a New Beetle, dogon mutum in ya zauna a baya kansa ya kan taɓa rufi, wurin kaya kuwa bai kai na Golf ba. Har wa yau, tsofaffin an yi su ne don mai ƙaramin ƙarfi, sababbin kuwa galibi don mai neman ado.

Kuma ba kullum dabarar ke ci ba. Kamfanin Ford na Amurka ya farfaɗo da Thunderbird cikin 2002 bisa kamannin ta 1955, kasuwa ta yi sanyi, aka daina cikin 2005. Ita kanta sabuwar Beetle an rufe littafinta cikin 2019. Marmari ya kan kawo mai saye sau ɗaya, amma amfani ne ke sa ya komo.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka ga irin motar nan cikin 'yan Kwatano ka yi sha'awa, ba laifi. Sai dai kada ka zaci halin kakarta ka ke saye. Tsohuwar Beetle, makanikin bakin hanya ya kan gyara ta da sifana biyu uku. Jikanyar kuwa cike ta ke da wayoyi da kwamfuta, sai mai na'ura ya san ciwonta. Ka tambayi kayan gyaranta da mai gyaran kafin ka ƙirga kuɗi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Mu kuma da za mu tsaya gaban allo, ga darasi mai sauƙi. Ku kai wa yara hoton tsohuwa da na sabuwa, ku ce su nuna inda suka yi kama da inda suka saɓa, sa'an nan ku tambaye su dalili. Yaron da ya saba tambayar abin da ya sa aka yi abu da siffa kaza, da wuya a sayar masa da riga a ce masa mutum ne.