Nana Asma'u, mawaƙiyar da ta juya waƙar Shehu zuwa Hausa

A 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gwabza da haɗakar Gobirawa, Katsinawan Maraɗi da Buzaye a Gawakuke. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duk a can suka kwanta dama.  Wadda ta tsara labarin wannan yaƙi a waƙar Fillanci ƴar ɓangaren da ya ci nasara ce, wato Nana Asma'u, ƙanwar Bello.

An haife ta a Ɗagel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Matar Waziri Giɗaɗo ce, tana kuma rubutu da Larabci, Fillanci da Hausa.

Fassara ita ce babban makaminta. Mahaifinta Shehu Usmanu ya yi waƙar Tabbat Haƙiƙa da Fillanci, talakawa kuwa Hausa suke ji. Sai Asma'u ta juya ta zuwa Hausa da ajami, ba a zube ba, a waƙe, da amsa-amonta, yadda mace za ta haddace tana daka. Aiki ne mai wuya, domin kowane baiti sai ya riƙe ma'ana ya kuma rerawu.

Matan da ake kira jaji, masu sanye da malfa, shugabannin Ƴan Taru, wato ƙungiyar ilimin mata da Asma'u ta kafa, su ne suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ga matan ƙauyuka. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta, suka fassara su zuwa Turanci.