Shekara Biyu a Gaban Kujerar Haƙori: Yadda Ake Horar da Masu Tsabtace Baki a Amurka

Wanda duk ya shiga ɗakin likitan haƙori a Amurka yana neman a duba masa baki, to, galibi ba likitan ne zai fara sa masa hannu ba. Wata ma'aikaciya ce za ta tarbe shi, ta kwantar da shi bisa kujera, ta ɗauki hoton haƙoransa, ta auna dasashinsa, ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran, sa'an nan daga bisani likita ya leƙo na ɗan lokaci ya tabbatar da abin da ta gani. Na ce ma'aikaciya domin fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan sana'a mata ne. Mafi yawansu kuwa ba a manyan jami'o'i suka yi karatu ba, a ƙananan kwalejoji ne na al'umma, waɗanda gunduma ko jiha ke riƙe da su, inda kuɗin makaranta yake da rangwame, ɗalibi kuma yake kwana gidan iyayensa ko cikin iyalinsa.

Asalin sana'ar yana komawa ga wani likita mai suna Alfred Fones, mutumin Bridgeport ta Jihar Connecticut, wanda ya lura cewa akasarin haƙoran da yake cirewa, da an kula da tsabtarsu tun da wuri, da ba su kai ga cirewa ba. Da ya ga kuma lokacinsa ba zai ishe shi yin magani da rigakafi gaba ɗaya ba, sai ya koya wa 'yar'uwarsa Irene Newman aikin kankarewa da gogewa a 1906. A 1913 ya buɗe makaranta, a 1917 kuma Irene ta zama ta farko da hukuma ta ba ijazar wannan aiki. Su ma kwalejojin al'umma kusan sa'annin sana'ar ne, gama wadda ake ƙirgawa ta fari cikinsu, ta garin Joliet a Illinois, a 1901 aka kafa ta, amma ba su yawaita ƙwarai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A bisa takarda, karatun shekara 2 ne. Amma a haƙiƙa, kafin a karɓi ɗalibi sai ya riga ya ci darussan share fage, watau ilimin halittar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, da ilimin ƙwayoyin cuta, da na haɗa sinadarai, har da rubutun Ingilishi. Saboda haka mafi yawansu sukan cinye shekara 3 kafin su fita. Ƙofar kuma ƙunci gare ta, kuma dalilin ƙuncin ba rowa ba ne. Ajin tarihi yana iya ɗaukar mutum 200 in akwai benci da allo, amma mai koyon aikin baki yana bukatar kujerarsa ta haƙori, da fitila, da injin tsotse yawu, da malami da zai tsaya a kansa. Hukumar da ke tantance waɗannan makarantu ta sharɗanta kada malami ɗaya ya riƙe fiye da 'yan ɗalibai kaɗan a ɗakin gwaji. Don haka sau da yawa aji bai wuce mutum 20 ko 30 ba, alhali masu nema sun ninka haka, har wasu su nemi shiga shekara bayan shekara.

Ga wanda Allah Ya sa ya samu shiga, watanninsa na farko ba ya taɓa bakin mai rai. Ana ba shi kan roba mai jerin haƙora, a ɗaure shi jikin kujera, ya yi ta bita a kansa kamar yadda almajiri ke wanke allo yana sake rubutu kafin a yarda ya sa alƙalami a takarda. A nan ne yake koyon yadda ake riƙe ƙarfe da yatsu 3, a kafa na huɗu bisa wani haƙori domin hannu kada ya zame. Da yadda ake aiki ta cikin ɗan madubi, inda dama ta koma hagu. Da bambancin ƙarafan kankara, waɗanda kowannensu aka lanƙwasa shi domin wata fuska ta haƙori. Bayan wannan sai ɗalibai su zama majinyatan juna, har allurar kashe zafi a jikin juna suke fara koyonta a makarantu da yawa, wanda kuwa ya ɗanɗani hannun abokinsa ba ya bukatar dogon wa'azi a kan tausayi.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne awon dasashi, domin a nan ne sana'ar ta tashi daga shara ta zama ilimi. Tsakanin haƙori da naman da ya kewaye shi akwai ɗan rami, wanda a bakin mai lafiya zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. In datti mai ƙwayoyin cuta ya zauna a wurin, sai ya taurare ya zama kamar dutse, wanda buroshi ko asuwaki ba sa iya ɗebe shi. Dasashi ya kumbura yana jini, ramin ya yi ta zurfi, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya yi ta zaizayewa ba tare da wani ciwo mai tsanani ba, har ranar da haƙori lafiyayye, wanda tsutsa ba ta taɓa ci ba, zai fara girgiɗi. Ɗalibi yakan zura wani siririn ƙarfe mai zanen awo a wurare 6 kewaye da kowane haƙori, watau awo 168 ke nan a bakin mai haƙora 28, kuma dole ya saba da gane dutsen da ke ƙarƙashin nama ta hanyar abin da yatsunsa suka ji, tun da ido ba ya kaiwa can. Malama za ta biyo bayansa da nata ƙarfen, in ta sami ɓurɓushi ɗaya da ya bari, ta rage masa maki. Shi ya sa aikin da ƙwararriya ke gamawa cikin awa guda yakan ci wa ɗalibi zama 2 ko 3, kowane zama na tsawon sa'o'i.

Daga nan wata mushkila ke tasowa wadda baƙo ba zai zata ba, ita ce neman majinyata. Asibitin kwalejin a buɗe yake ga jama'a bisa kuɗi kaɗan, kuma talakawan da ba su da inshora suna amfana da shi ainun. Amma ba a yaye ɗalibi sai ya yi aiki a kan kowane irin baki, na yaro da na tsoho, mai sauƙi da mai wuya, sau da yawa kuma shi ne zai nemo su. Sai ka ga ɗaliba tana roƙon maƙwabta da abokan aikin mijinta, tana murna in ta sami wanda ya shekara 10 bai je an duba shi ba. Wannan, a ganina, shi ne wuri mafi rauni a tsarin, domin yana ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi, wadda ba ta da dangi a garin, nauyin da ba na ilimi ba.

Bayan kammalawa akwai jarrabawar ƙasa ta rubutu mai tambayoyi 350, da jarrabawar aikin hannu, sa'an nan kowace jiha ta ba da tata ijaza bisa nata sharuɗɗa. Abin da aka halatta wa ma'aikaciya a Colorado, inda take iya buɗe wurinta ba tare da likita a kanta ba, ba lalle ne a halatta mata shi a wata jihar ba. Albashin yana da kyau, matsakaicinsa ya haura dala 80,000 a shekara, abin da ba safai karatun shekara 2 ke kaiwa gare shi ba. Sai dai jiki yana biyan nasa haraji, gama sunkuyo na yini guda yana barin ciwon wuya da kafaɗa da wuyan hannu, da yawa cikinsu kuma kwana 3 ko 4 suke aiki a mako.

Mu da shari'a ta kwaɗaitar da mu yin asuwaki tun kafin a haifi kakannin Fones, ba baƙi ba ne ga asalin wannan fanni, kuma Nijeriya ma tana horar da masu irin wannan aiki, makarantar tarayya ta Inugu tana cikin waɗanda suka daɗe a kansa. Inda bukatarmu ta fi tasu tsanani shi ne yara, domin cutar nan da likitoci ke kira noma, mai cinye leɓe da kunci, daga kumburin dasashi take farawa a bakin yaron da yunwa ko ƙyanda suka raunana. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. A matakinta na farko ana tsayar da ita da wankin baki da magani da abinci mai gina jiki, muddin akwai wanda aka koya wa ɗaga leɓen yaro ya gane abin da yake gani.