Na'urar Binciken Harsashin Gini a Lafiya da Matsalar Sunanta a Hausa

Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 gine-ginen kankare suka yawaita a cikinta, alhali ido ba ya iya ganin aibin da ke ɓoye a harsashinsu. Na'urar rada kan aika igiyoyin rediyo cikin kankaren. Idan suka ci karo da rodi, ko kogon da kwaɓin bai cike ba, sai su dawo, a kuma gane zurfin wurin daga lokacin da suka ɗauka. Danshi kan raunana su ƙwarai. A ganinmu aron kalmar "rada" yana da illa, domin a rubutun da ba a sa ƙugiya takan rikice da "raɗa". Saboda haka muka fifita "na'urar leƙen kankare".